Tatort na ƙauyen Zarten: fim ne ya ci mutuncin manoma ko gaskiya ya faɗa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare dattijuwar da nake haya a gidanta ta zaunar da ni dole muka kalli wani tsohon kashi na Tatort da aka maimaita, kuma har yanzu abin bai bar kaina ba. Ga waɗanda ba su sani ba, Tatort shirin 'yan sanda ne da tashar talabijin ta ARD ta ƙasar Jamus take nunawa ranar Lahadi da ƙarfe 8:15 na dare, tun daga 29 ga Nuwamba 1970. Ma'anar kalmar ita ce wurin da aka aikata laifi. Kowane kashi minti 90 ne, kuma kowane gari da nasa masu bincike.

Wanda muka kalla na 1991 ne, sunansa Tod im Häcksler, wato mutuwa a cikin injin daddatsa kara. Yara ne suka tsinci kayan sawar wani mutum a daji kusa da wani ƙauye da aka kira Zarten a yankin Pfalz, kudu maso yammacin Jamus. Mai kayan, Petru Höreth, Bajamushe ne da ya taso daga Romaniya, shekara biyu ke nan da ɓatansa. Aka turo 'yar sanda Lena Odenthal daga birnin Ludwigshafen. Duk ƙofar da ta buga, kowa ya yi gum. Mutum ɗaya da ya ba ta haɗin kai shi ne wani matashin ɗan sandan ƙauyen.

Da aka gama, tsohuwar nan ta kashe talabijin da fushi, ta ce haka mutanen birni suke kallon manoma, kamar dabbobi. Ita 'yar manoma ce gaba da baya. Ni kuwa, shekara huɗu ina zaune a ƙauyen Jamus, a raina cewa na yi shirun nan na san shi. Ban faɗa mata ba, don ina son hayata. Waɗanda suka kalla, ina kuka tsaya?

Ummu Sadik:
Wa alaikumus salam. Don Allah kada wanda ya faɗi wanda ya yi kisan, ina so in nema in kalla.

Na-Hamburg:
Hajiya, fim ɗin da ya haura shekara talatin ai babu sauran sirri a cikinsa. Sunan ma ya gama tona asiri. In ba ki so ki ji, ki fita daga nan har ki kalla, don ba za a iya muhawarar ba sai an taɓa ƙarshen.

Ɗan Maraɗi:
Shin wannan ba shi ne Derrick ba? Tsohon nan mai manyan tabarau da yaronsa Harry. Muna yara mun sha kallon shi da Faransanci, duk unguwa a gaban tele guda. Baba shi ne ke cewa a yi shiru, alhali ba ya jin ko kalma ɗaya.

Na-Hamburg:
A'a ɗan'uwa, Derrick daban. Na tashar ZDF ne, daga 1974 zuwa 1998, kashi 281, kuma a Munich yake, yawanci a gidajen masu kuɗi. Da wuya ka ga Derrick ya taka kashin shanu. Shi Tatort garuruwa ne da yawa, har da Ostiriya da Siwizalan, kuma ya wuce kashi 1000 tun 2016. Ita wannan Lena Odenthal, Ulrike Folkerts ce take fitowa a matsayinta tun 1989. Na Zarten shi ne bincikenta na uku, lokacin tana yarinya sharaf.

Mai Gonar Albasa:
Ni tambayata a kan injin ne. Wane irin inji ne haka da zai ci mutum? Irin na casar masara ne?

Baban Ilham:
Ba na casa ba ne, Alhaji. Nan masarar dabbobi ba a jiran ta bushe. Ana yanke ta da ɗanyen karanta da ganye da goyon gaba ɗaya, injin ya daddatse ta gutsi-gutsi kamar yankan alayyahu, a tara a danne da tarakta, a lulluɓe da leda ta yi tsami, shanu su ci har sanyi ya wuce. Na zamanin yanzu mota ce guda, tana tafe tana haɗiye kunya da yawa a lokaci ɗaya, tana feso dusar ta wani dogon wuya cikin tirelar da ke bin ta a gefe. Na taɓa tsayawa bakin gonar maƙwabcinmu a watan Satumba ina kallo. Ƙasa rawa take a ƙarƙashin ƙafarka, kuma warin ɗanyen kara ya cika hanci. Karan da ya fi ni tsawo, kafin ka ƙifta ido ya zama gari. Tsofaffin injinan kuwa a tsaye suke a tsakar gida, da hannu ake tura musu kara. Tun jiya nake tuna ranar nan da wani irin yanayi.

Mai Gonar Albasa:
Subhanallah. Amma fa injin zai yi mana amfani. Karan dawa da muke ƙonawa ko mu bar wa gara.

'Yar Zazzau:
Ni ina bayan tsohuwar, kuma na kalli fim ɗin sau biyu a ajin koyon Jamusanci. Ku duba yadda aka nuna mutanen. Fuska a murtuke, tufafi kamar na zamanin kakanni, titi duk taɓo, babu mai dariya, babu mai hankali sai wadda ta zo daga birni da jakar fata. A 1991 fa! Jamus tana cikin ƙasashe mafiya arziki a duniya, amma an yi ƙauyen kamar ba a taɓa kai masa lantarki ba. Wannan ba bincike ba ne, raini ne. Kuma mu ma mun san irinsa. A namu finafinan in za a nuna baƙauye sai an shafa masa baƙi a haƙori, an ba shi hula ta yi masa yawa, ya zo birni yana tsoron fanka. Wanda ya rubuta bai taɓa kwana a ƙauye ba, amma abincin da yake ci daga can ya fito.

Na-Hamburg:
Ai ba tsohuwar kaɗai ta ji haushi ba. Lokacin da aka nuna shi mutanen Pfalz sun tayar da jijiyar wuya sosai. A cikin fim ɗin har an kira yankin Saiberiyar Pfalz, wato can ƙarshen duniya inda ake jefa wanda aka tsana. Rainer Brüderle, wanda shi ne ministan tattalin arzikin jihar a lokacin, yana cikin waɗanda suka fito suka yi ƙorafi. Yanki ne da yake alfahari da gonakin inabi da babban daji da masu yawon buɗe ido, sai ga miliyoyin mutane sun kwana da hoton mutanensa a matsayin masu kashe baƙo.

'Yar Zazzau:
Yauwa. Sunan Zarten ƙirƙira ne, amma gidajen da aka ɗauka na gaske ne, mutane suna kwana a ciki. Masu fim sun naɗe kayansu sun koma birni, su kuwa an bar su da abin gori.

Baban Ilham:
Anti, ban musa miki ba a kan tufafi da taɓo, an zuzuta. Amma ki cire wannan duka, ki sa musu kwat, ki shimfiɗa kwalta, me ya rage? Mutum ya ɓace shekara biyu a wurin da kowa ya san motar kowa, kowa ya san ƙarfe nawa maƙwabcinsa yake kashe fitila, amma babu wanda ya ga komai. Wannan ɓangaren ba ƙarya ba ne.

Bari in ba ku misali ƙarami, ba na kisa ba. Watan farko da na tare a nan, duk sanda na bi layinmu sai in ga labulen taga yana ɗan motsi, gida bayan gida. Ba a leƙo ba, ba a gaishe ni ba. Ranar da na fitar da kwandon shara ba a ranarsa ba, kafin azahar labari ya kai wa mai gidana ta baki uku. To bara wani ya goge min mota a bakin titi da rana tsaka, ya fasa madubi ya wuce. Na bi gida shida ina tambaya. Babu wanda ya gani. Labulen da ya ga shara bai ga tarakta ba. Bayan wata biyu na tarar da ambulan a akwatin wasiƙata, kuɗin madubi cif, babu suna. Sun san shi, sun matsa masa ya biya, amma ba za su ba baƙo sunan nasu ba.

Ummu Sadik:
Na kasa fita, ina nan ina karantawa. Amma ai wannan labarin naka yabo ne a wurina. Sun biya ka.

Baban Ilham:
Sun biya, na gode musu. Amma su suka yanke hukuncin, a ɗakin da ba a gayyace ni ba. Da sun ga dama su ce ba za a biya ba, haka zan haƙura. Abin da fim ɗin ya kama ke nan. Ƙauye yana da kotunsa, kuma in abin ya haɗa ɗan gari da bare, an san inda za ta karkata.

Kawu Mai Ritaya:
Yara, kun tsaya kan labule kun bar gundarin maganar. Me ya sa aka kashe shi? Ba don ya zo daga Romaniya kawai ba. Maganar fili ce. Ana shirin gina madatsar ruwa, mutanen gari sun ƙwallafa rai a kan kuɗin da za a biya su su sayar da gonaki, shi kuwa ya ƙi sayarwa. Mutum ɗaya ya tsaya tsakanin gari guda da kuɗi. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne a can manoma ne suke ɗokin a kawo ruwa ya cinye gonakinsu. Mu da muka ga zamanin Bakolori mun san akasin haka. A 1980 manoma ne suka tare hanya saboda an karɓe musu gonaki babu diyyar kirki, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini. Kafin nan Kainji ta haɗiye tsohuwar Bussa. Manomin da yake roƙon a nutsar da gonar ubansa, lallai noman ya riga ya mutu a zuciyarsa.

Na-Hamburg:
Kawu ya taɓo wurin. Jamusawa suna da kalma guda a kan haka, Höfesterben, mutuwar gidajen gona. Bayan yaƙin duniya na biyu Jamus ta Yamma kaɗai tana da gonaki sama da miliyan ɗaya da rabi. Ƙidayar 2020 ta samu kusan 263,000 a duk faɗin ƙasar, Gabas da Yamma. Ƙananan sun rufe, manya sun haɗiye filayensu. Mai shanu goma sha biyar a gefen tsauni ba zai iya gogayya da mai ɗari biyar ba, 'ya'yansa kuma sun tafi masana'anta. A Ludwigshafen ɗin da 'yar sandan ta fito akwai katafaren kamfanin sinadarai na BASF, albashi duk wata, hutu duk shekara. Wa zai zauna tatsar nono ƙarfe biyar na asuba har ranar Kirsimeti? Don haka in aka ce wa irin wannan ƙauye ga kuɗi a dunƙule, ku tashi, ba kowa zai yi kuka ba.

Kawu Mai Ritaya:
To ka gani. Shi kuma baƙon, wanda ya sha wuya kafin ya samu ƙasar da zai kira tasa, shi ne zai fi riƙe ta da ƙarfi.

Maman Hanif:
Ku yi min bayani, ya za a ce Bajamushe ne kuma baƙo ne a Jamus?

Na-Hamburg:
Akwai Jamusawa da kakanninsu suka yi ƙaura zuwa yankunan da suke cikin Romaniya a yau, wasu tun ƙarni na 12 a Transilbaniya, wasu a ƙarni na 18 a yankin Banat. Sun riƙe harshensu da cocinsu duk tsawon lokacin. Zamanin Ceausescu, shugaban Romaniya na lokacin, gwamnatin Jamus ta Yamma kuɗi take biya a kan kowane kai kafin a bar su su fita. Da aka kifar da shi a Disamba 1989, sama da mutum 100,000 suka kwararo a 1990 kaɗai. A takarda 'yan ƙasa ne cikakku. A bakin maƙwabta kuwa 'yan Romaniya ne, kamar yadda a can ake ce musu Jamusawa. Lafazinsu daban, girkinsu daban. A shekarar da aka nuna fim ɗin maganar tana da zafi, don kowane gari yana karɓar irinsu.

Maman Hanif:
Allah sarki. Jemage ke nan, ba ka cikin tsuntsaye ba ka cikin dabbobi.

Sarkin Shakka:
Ni duk wannan dogon Turanci ne. Ƙasar da ake cewa ko allura ta faɗi 'yan sanda za su gano ta, a ce an kashe mutum a ƙauye shekara biyu ba a sani ba? Tatsuniya ce kawai.

Anti Lauya:
Malam, je ka karanta labarin Hinterkaifeck, wannan ba fim ba ne. Wani gidan gona ne a Bavariya, kimanin kilomita 70 arewa da Munich. Daren 31 ga Maris 1922 aka kashe mutum shida da magirbi: mai gidan da matarsa, 'yarsu bazawara, jikoki biyu, ɗaya shekara bakwai ɗaya shekara biyu, da 'yar aikin da ta fara aiki a ranar. Ba a gano gawarwakin ba sai 4 ga Afrilu. A tsakanin kwanakin nan akwai wanda yake ba dabbobi abinci, an kuma ga hayaƙi yana tashi daga gidan. Kafin masu bincike su iso daga Munich, 'yan kallo sun tattake wurin. Makamin ma sai da aka rushe gidan a 1923 aka same shi. An yi wa mutane da yawa tambayoyi, har yau ba a hukunta kowa ba. A 2007 ɗaliban makarantar 'yan sanda sun sake bin takardun, suka ce akwai wanda suka fi zargi, amma suka ƙi faɗin sunansa saboda zuriyarsa suna raye.

Sarkin Shakka:
1922 ai da ne. Babu gwajin jini irin na yanzu.

Anti Lauya:
Gaskiya ne, amma gwaji sai da abin gwadawa. In babu gawa, babu mai shaida, matar mutum ma ba ta matsa ba, fayil ɗin ɓatan mutum ne kawai, kuma baligi yana da 'yancin ya tafi inda ya ga dama bai gaya wa kowa ba. Abin da dokar Jamus ta yi shi ne ta bar ƙofa a buɗe. Tun 1979 kisan gilla, wanda suke kira Mord, ba shi da wa'adi, ko bayan shekara hamsin za a iya gurfanar da mutum. Kisan da bai kai wannan matsayi ba, Totschlag, shi yana da wa'adi. Hukuncin Mord ɗaurin rai da rai ne, ana iya duba sakin mutum bayan shekara 15. Hukuncin kisa kuwa kundin tsarin mulki na 1949 ya soke shi. Ciwon kan mai gabatar da ƙara a irin labarin Zarten shi ne kotu ba ta ɗaure gari. Sai ka nuna wane ya yi kaza, wane ya riƙe, wane ya tsaya yana kallo. In kowa ya rufe baki, kowa ya tsira da kowa.

'Yar Zazzau:
To ai kin taimake ni, Anti. Wannan ba halin ƙauye ba ne, halin mutane ne. A kamfani ana yi, a barikin soja ana yi, a cikin dangi ana yi. Me ya sa in za a nuna shi sai an nemo manomi?

Baban Ilham:
Saboda a birni in maƙwabcinka bai ga komai ba, da gaske bai gani ba, ko sunanka bai sani ba. A ƙauye in ya ce bai gani ba, zaɓa ya yi. Kuma ba shi da inda zai gudu. Wanda zai tona shi ne mai ba shi aron tirela, shi ne surukin ƙanwarsa, tare za su zauna a coci ranar Lahadi. Ni tausayinsu ma nake ji ta wannan fuskar. Na tabbata a irin taron nan akwai waɗanda ba su ɗaga hannu ba, amma sun kwana shekara biyu da abin a ƙirji.

'Yar Zazzau:
Da fim ɗin ya nuna min mutum ɗaya irin wannan da kyau, yana juyi a gado, da ban yi faɗa ba. Taron fuskoki kawai aka ba ni. Nan ne ya gaza.

Baban Ilham:
Wannan na karɓa.

Na-Hamburg:
Wani abin dariya, a 2019 da Lena Odenthal ta cika shekara 30 a shirin, sai suka mayar da ita Zarten a wani kashi mai suna Die Pfalz von oben. Ben Becker ya dawo a matsayin Stefan Tries, ɗan sandan nan matashi mai tsabtar zuciya na 1991. Yanzu ya tsufa, shi ne shugaban ofishin, kuma ofishin ya ruɓe da cin hanci. Wato wanda ya taimaka aka fasa shirun farko, shi ne ya zauna a garin har ya gina nasa.

Kawu Mai Ritaya:
Zama da maɗaukin kanwa.

Ɗan Maraɗi:
Ni dai har yanzu Derrick nake so. Ba jini, ba inji, tambaya kawai yake yi har mai laifi ya gaji ya faɗa.

Ummu Sadik:
Kun gama ɓata min fim. Baban Ilham, akwai shi da fassara? Jamusancina bai wuce gaisuwa ba.

Baban Ilham:
Wanda muka kalla babu fassara, Hajiya, kuma wasu manoman da karin harshen yankin suke magana, ni ma sai da tsohuwar ta riƙa maimaita min. Af, na manta ban faɗa muku ba. Da safen nan na same ta tana shara a ƙofar gida, fushin ya sauka. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta san wanda ya fasa min madubi bara. Ta dube ni, ta ce ai an biya ka, ta ci gaba da shararta.

Mai Gonar Albasa:
Baban Ilham, in ka samu dama ka tambayar min kuɗin ƙaramin injin, na hannu, wanda tarakta take juyawa. Da gaske nake.